Layar Cikin Rediyon Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta 'yan unguwar surukaina a Gwarzo ba za su bar ni ba, da yammacin da na faɗa ɗakin surukata a guje, ba sallama, ba hula, takalmi a ƙafa ɗaya, na cusa kaina tsakanin gadonta da bango. Ni ɗin nan, magidanci mai 'ya'ya biyu. Kuma wallahi ba ita ce babbar kunyar ranar ba. Ita dai aka fi ba da labarinta don ta fi daɗin dariya.

A lokacin ina koyar da darasin fasaha a wata sakandare a Kabo, kullum ina zuwa daga Gwarzo a kan babur. Sunana a bakin malamai da ɗalibai Injiniya. (Ban taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Fankar ofishin shugaban makaranta na gyara sau ɗaya, sunan ya bi ni, ni kuma ban kore shi ba.) Ina da wani littafin gyaran rediyo da na saya a gwanjo, bangonsa ya cire, ina da testa ta gwada wuta da nake maƙalawa a aljihun gaba kusa da biro don kowa ya gani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni a lokacin sarƙar zinare na ɗauke shi.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne. Masallatai sun cika, wanduna sun ɗage, kowa ya zama malami. Kasetin ruƙiyya kuwa kowane shago ka wuce shi ke tashi, ko akuya ta cika tari sai wani ya ce a duba ta. Ni sai na ɗora wa kaina yaƙi da camfi. Ina da wata kalma da nake yi wa ɗalibai har suka haddace: duk abin da kuka ga ya motsa ko ya yi ƙara, ku nemi wayar. In yarinya ta faɗi a aji ana cewa iska, ni sai in tambaya ko ta karya kumallo. Ina jin daɗin kaina ƙwarai a wannan zamani.

Cikin daminar nan surukina Alhaji Mudi ya rasu. Tsohon mai awon gyaɗa ne, mutum mai tsare gida da ƙarancin magana, kuma abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa shi ne rediyonsa. Ba irin ta hannu ba. Akwati ne guda na katako mai sheƙi, sai mutum biyu ke ɗaga shi, da yadin zinare a fuska, da maɓallai farare kamar haƙora. Cikinta kwalabe ne masu yin ja in sun ɗau zafi, shi ya sa in an kunna ba ta magana nan take, sai ta yi shiru tukuna kamar mai tunanin abin faɗa. A goshinta akwai wani ido kore guda ɗaya, mai buɗewa a hankali. Yaran gidan kaf da tsoron idon nan suka girma, har da matata Binta.

Tun da ciwo ya kwantar da Alhaji ba a sake kunna ta ba. Bayan an share makoki, Inna (surukar tawa, Hajiya Yalwa) tana cikin takaba, kaɗaici ya ishe ta, ta ce a kunna mata ta riƙa jin tafsiri daga ɗakin mijinta kamar yadda ta saba ji shekara da shekaru. Aka jona. Idon ya buɗe. Sai wani gurnani ya taso daga cikin akwatin, mai kauri, mai shiga ƙirji, ba ya hawa ba ya sauka. Duk wanda ya yi jinyar Alhaji ya san sautin nan, don haka nishinsa yake a kwanakinsa na ƙarshe. Muryar mai magana tana can ƙarƙashin gurnanin kamar daga cikin rijiya. Wata jika ta tsorata ta fizge fulogin daga bango, amma rediyon ba ta yi shiru ba. Ta ci gaba da magana, waya na reto a hannun yarinyar, kuma aka yi rashin sa'a sanarwar rasuwa ake karantawa. Duk gidan suka ji ta ce "inna lillahi" tana ja da baya har ta shuɗe, sannan idon ya rufe.

Yaya Sabo, babban ɗan gidan, wanda a shekarun nan ya tara gemu ya shiga kwamitin masallacin unguwa, ya ce a fitar da ita bayan gari a cinna mata wuta. Inna ta ce sai dai a haɗa da ita. Ta ce a kira Baba Bitrus ya duba.

Dole in tsaya in faɗi ko wane ne Baba Bitrus, don labarin nasa ne fiye da nawa. Mutumin Filato ne, Kirista, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya fi shekara arba'in a Gwarzo. Hausarsa ta fi tawa. Shi da Alhaji Mudi aminai ne na dara da shayi, kuma ba wanda ya taɓa kwance bayan rediyon nan sai shi. A shekarar, da labaran tashin hankali suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa, da yawa cikin mutanensu, malaman makaranta da 'yan tireda, sun ɗaure kaya sun koma gida. 'Ya'yansa suna ta aiko masa ya taho, shi kuwa ya ƙi. Ya ce a nan aka binne matarsa, a nan aka san shi, ba wanda zai kalle shi da ido biyu a Gwarzo. Kowa ya san zamansa a kan wannan yardar kaɗai yake tsaye.

To da Binta ta kawo mini maganar, me ya kamata in ce? A kira shi. Me na ce? Na ce ina raye za a ɗauko tsoho mai rawar hannu? Na buɗe littafina na yi mata lacca tana tankaɗe. Na ce gurnanin nan ba nishin kowa ba ne, kwandansa ce ta bushe. Kwandansa wani ɗan gwangwani ne da ke tara wuta yana tace ta, kamar randar da ake zuba ruwan rafi ya kwanta kafin a sha. Cikinta akwai danshi, in ta tsufa sai ta bushe, wuta ta riƙa wucewa da gargadarta, shi ne kunne ke ji kamar gurnani. Maganar da ta yi bayan an cire waya kuwa, ragowar wutar da ke cikin randar ce kwalabe suka ƙarasa shanyewa. Binta ta ce to Allah ya sa. Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne, ku riƙe wannan, don shi ya fi ba ni haushi har yau.

Na shiga Kano na sayo sababbin kwandansa biyu. Ranar Asabar bayan la'asar na isa gidan, na tsuguna daga bakin ƙofar Inna na gaishe ta kai a ƙasa kamar yadda na saba shekara bakwai, ban taɓa sanin launin shimfiɗar ɗakinta ba. Ta sa mini albarka, aka buɗe mini ɗakin Alhaji.

Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Babbar rigarsa a rataye a ƙusa, kafaɗun a buɗe kamar mutum ya juya baya. Takalmansa a jere a bakin gado. Ƙamshin turarensa da na man zafi bai fita ba. Na ce wa kaina ai tufafi ne kawai, amma na gyara zama yadda rigar ba za ta kasance a bayana ba.

Na kwance bayan akwatin, na zaro farantin ƙarfen da kayan ke kai, na ɗora a tabarma. Ga gwangwanin nan a tsaye kusa da kwalabe, dogo, na alminiyom, da lambobi a jikinsa, gindinsa ya yi wani farin gari kamar kanwa. Daidai da hoton littafi. Na ji wani daɗi har na yi wa kaina murmushi. Na ce bari in jona in taɓa testa in ga ko wuta na isowa. Ina jonawa, ko ƙirga biyar ban yi ba, kwalabe ba su ko fara ja ba, sai aka ɗauke wuta. (Masu wutarmu da hadari ba sa haɗa hanya, da sun ga gajimare sai su janye.) Ɗakin ya ƙara duhu. Na zare fulogin duk da haka, na ajiye shi a gabana inda nake ganinsa, na kife farantin don in ga ƙarƙashinsa.

A nan na gan ta.

Tana kwance a tsakiyar wayoyi, an ɗaure ta da zare a jikin ƙarfe. Tsawonta kamar ɗan yatsa biyu a haɗe. Jar fata ce da ta tsufa ta koma baƙi-baƙi, an ɗinke bakinta da ɗinkin baduku, ƙanana-ƙanana, tsaf. Duk wanda aka goya a ƙasar Hausa ya san abin nan ko a mafarki. Irinta kakata ta rataya mini a wuya ina yaro. Na duba littafi a zuciyata shafi-shafi, babu hoton laya a ciki. Iska ta turo taga, rigar Alhaji ta motsa. Na ji gashin jikina ya miƙe. Na ce kai Injiniya, nemi wayar. Kuma akwai wayoyin, har uku, sun fito daga bakin ɗinkin, amma idona ya ƙi ya tsaya a kansu. Na yi bisimilla, na kai hannu in ɗaga ta.

Abin da ya buge ni ban taɓa jin irinsa ba. Kamar an sa taɓarya an doki gwiwar hannuna daga ciki. Na ciji harshe, na ga wani farin haske, na ji ƙarar da ashe ni na yi ta. Ku tuna, fulogi yana gabana a ƙasa, kuma duk faɗin Gwarzo babu wutar da za ta kunna ƙwai ɗaya. Ilimina gaba ɗaya ya fita ta taga. Na tashi na bangaje ƙofa ina ihu, "Laya! Laya ce a ciki! An yi wa Alhaji asiri!" Ƙofar da na fara gani a buɗe ita na faɗa, kuma ta Inna ce.

Tana zaune a kan dadduma da carbi. Na tsallake ƙafafunta, na faɗa bayan gado, na tura tulin kwanukan jerenta suka zube. Da ƙarar ta lafa, sai na ji ta ce a hankali, ba tare da ta waiwayo ba, "Malam, lafiya dai ko?" Matan gidan sun cika bakin ƙofa. Binta tana cikinsu, ta rufe fuska da mayafi.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma magana zarar bunu ce. Ihun da na yi ya tsallake katanga, kafin in lallaɓo in fito in nemi hulata zaure ya cika. Yaya Sabo ya shigo da mutum uku na kwamitinsu, suka leƙa ɗakin da tocila, suka ga abin da idonsu, suka ja da baya suna ta'awwuzi. Wani ya ce dama ciwon Alhaji bai yi kama da na asibiti ba. Wani ya ce in har Injiniya da ba ya yarda da komai ya faɗa, to magana ta ƙare. Sai Yaya Sabo ya yi tambayar da kowa ya san amsarta: wa ke buɗe rediyon nan?

Aka hau babura biyu aka tafi bakin kasuwa.

Yanzu ga wurin da nake so in tsallake, amma in na tsallake shi labarin ya zama ƙarya. Ina tsugune a tsakar gida an ba ni ruwa a moɗa, hankalina ya fara dawowa. Na dubi hannuna. A kan yatsu biyu akwai ɗigo farare guda biyu, ƙanana, irin na ƙuna. Hannun yana wani zuu har kafaɗa, kuma na san wannan zuu ɗin, fankar shugaban makaranta ta taɓa ɗanɗana mini ƙaninsa. Na tuna wayoyi ukun nan. Na tuna laccar randa da na yi wa Binta. Na jona, randa ta cika, aka ɗauke wuta kafin kwalabe su yi zafi su sha, ni kuma na tsoma hannu. Tun kafin ƙarar baburan ta ɓace na gane komai sarai.

Abin da ya rage in miƙe in ce jama'a ku dakata, wuta ce ta ja ni, a mayar da mutanen nan. Kalma nawa ce? Amma sai na hango ranar Litinin a makaranta, na hango Injiniya ya zama abin dariya, wanda kwandansa ta kora bayan gadon surukarsa. In asiri ne, ai gudun nawa yana da dalili. Sai na ci gaba da shan ruwa. Na ce a raina bari dai a gani, wataƙila ma layar ce. Tsoron aljani ya sake ni, tsoron dariya ya kama ni, kuma na biyun ya fi ƙarfi.

Aka zo da shi hadari na ta ruri bai zubo ba. Mutane sun kai hamsin a ƙofar gida, kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun da suka yi. Aka dare masa hanya. Tsoho ne siriri, da tabarau ɗaure da zare, da tsohuwar jakar fatarsa a hammata. Ba wanda ya taɓa shi, ba kuma wanda ya gaishe shi, mutumin da kullum sai ya yi rabin awa kafin ya ratsa layin nan saboda gaisuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofar Inna ya cire hula, ya yi mata ya ƙarin haƙuri, ta amsa. Yaya Sabo, wanda Baba Bitrus ya sha ɗorawa a kan teburin shagonsa yana yaro, ya ce, "Bitrus, shigo ka gaya mana mene ne wannan." Ko "Baba" bai saka ba. Na ga tsohon ya ɗan tsaya, kamar wanda ya taka ƙaya, sannan ya shiga.

Ya sa aka fito da farantin tsakar gida inda kowa zai gani, ya ce kada a taɓa ƙarƙashinsa. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya buɗe jaka ya ɗauko wani ƙaramin ƙwan lantarki mai wayoyi biyu a gindi. Ya ɗora ɗaya a jikin ƙarfen, ya taɓa ɗaya a bakin ɗinkin. Ƙwan ya yi ɗan ja ya mutu. Mata suka ja da baya, wani a zaure ya ɗaga murya da salati, don garin babu wuta kuma ga ƙwai ya kama a hannun mutum. Ya sake taɓawa, shiru. Ya ce yanzu ta huce.

Sai ya ciro reza sabuwa, ya miƙa wa Yaya Sabo. "Kai za ka farke ta da hannunka, Sabo. In ni na farke za a ce na sauya wani abu."

Yaya Sabo ya karɓa, ya yi addu'o'in da ya sani, ya bi ɗinkin. Fatar ta buɗe. Ga kwandansa biyu shuɗɗa, ƙanana, an haɗa su gefe da gefe, ɗaya ta kumbura a kai. Na ji wata ajiyar zuciya ta ratsa tsakar gidan. Amma kafin ta sauka sai wata takarda ta zamo daga tsakaninsu, a naɗe, ta yi ruwan ƙasa, da rubutun tawada na ajami. Mutane suka sake ja da baya. Shi kansa Baba Bitrus na ga fuskarsa ta canja, a fili yake bai san tana ciki ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba don kaina ba.

Yaya Sabo ya warware ta, ya haska tocila. Ya bi rubutun da ido. Da ya yi magana muryarsa ta zama ta yaro. Ya ce rubutun mahaifinsu ne. Inna ta ce daga cikin ɗaki ya karanta. Ya karanta yana tsayawa:

"Wannan abu yana riƙe wuta ko an kashe. Kada mai hankali ya taɓa. A kira Bitrus."

Baba Bitrus ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire tabarau yana goge ido, dariya da hawaye tare. Ya ce Allah ya ji ƙan Mudi, Allah ya ji ƙan Ɗan'azumi baduku. Sannan ya ba da labarin. A zamanin tsuke bakin aljihu, da kaya suka daina shigowa, gwangwanin asali ya mutu, aka nema har Kano babu. Sai ya ciro waɗannan biyun daga wata matacciyar talabijin, ya yanke wayar gwangwanin ya bar shi a tsaye don ado. (Wato abin da na zo canjawa da ƙarfin gwiwata ya fi shekara goma sha biyar ba ya aikin komai.) Ko tef na naɗe waya babu a lokacin, shi ne Alhaji ya ce a kai wa baduku ya ɗinke su a fata kada su taɓa ƙarfe. Alhaji ya rubuta gargaɗin nan ya haɗa da su, nufinsa a manna a waje. Shi kuwa Ɗan'azumi, tun da ya gaji sana'ar, duk wanda ya miƙo masa rubutu da fata ciki yake sakawa ya ɗinke. Da suka ga babu takarda sai suka ɗauka ta faɗi a hanya.

Dariya ta fashe daga tsakar gida har zaure har titi, irin dariyar mutanen da suka kusa aikata abin da za su yi nadama. Yaya Sabo ya durƙusa ya riƙe hannun tsohon yana cewa Baba ka yafe mana. Ni ma na saki fuska ina shirin shiga cikin dariyar, a zatona an wuce wurin. Sai Baba Bitrus ya mayar da tabarau ya ce in matso. Ya kama hannuna ya juya shi, ya dubi ɗigon nan biyu. Bai ɗaga murya ba, amma an ji.

"Malam, kai da ka karanta. Da ta buge ka, ba ka gane wuta ce ba?"

Ƙarya ta zo har bakina. Inna ta fito bakin ƙofa, Binta tana bayanta. Na ce na gane, Baba.

"Yaushe?"

"Tun suna hanyar zuwa kiranka."

Ya gyaɗa kai, ya sake mini hannu a hankali. Ba wanda ya yi dariya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Ruwan da ya ƙi zuwa tun la'asar ya sauko, kowa ya sami dalilin watsewa.

Washegari da hantsi ya dawo da kansa, ya ce in zo mu ƙarasa aikin Hajiya. Na zo kamar wanda za a yi wa aski da kwalba. Ya duba kwandansan da na sayo, ya nuna mini lambar ƙarfin wutar da ke jikinsu, ya ce waɗannan na rediyon batir ne, da na saka su da sun fashe mini a fuska. Ya fito da nasa. Ya koya mini cewa lambar ƙarfin sabuwa ta kai ta tsohuwa ko ta fi, kada ta gaza. Ya nuna mini ƙafar da ke da alama, wadda dole ta bi jikin ƙarfe, in aka juya ta an gama. Ya sa na zana yadda wayoyin suke a takarda kafin in cire ko ɗaya. Kafin kowane taɓi sai ya sa na ɗora ƙwan nan, ko da mun ɗora yanzun nan. Ƙarfen narka dalma a garwashi ya gasa shi, ya ce shi bai taɓa dogara da masu wuta ba. Hannun da na ce yana rawa ko sau ɗaya bai kuskure ba.

Da aka kawo wuta da azahar muka jona. Idon ya buɗe, babu gurnani, murya ta fito tas kamar mutumin yana ɗakin. Inna ta sa aka kawo masa fura a kwanon Alhaji. Takardar kuwa ta karɓe ta, tana cikin adakarta har yau.

Da na raka shi ƙofa na ba shi haƙuri, ina ta jera kalmomi. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Sai ya tsaya yana kallon layin, ya ce shekara arba'in yana buɗe rediyon mutane a bayan idonsu, jiya aka kira shi ya buɗe a gaban shaidu. Ya ce ba ihuna ne ya dame shi ba, mai tsoro ba ya zaɓen kalma. Shirun da aka yi masa a ƙofar gida ne, da nawa shirun.

Bayan an yi girbi ya rubuta wa 'ya'yansa su turo mota. Rabin unguwa sun je roƙonsa, Yaya Sabo a gaba, ya ce ai tsufa ne kawai. Ranar tafiyar ya aiko mini da ƙulli, na buɗe na ga ƙwan nan mai wayoyi biyu. Shagon nasa yanzu ana sayar da katin waya a ciki, kuma har yau in zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan masallaci.

Sunan Injiniya bai kai Litinin ba. Malam Laya ake ce mini, har ɗaliban da ba a haifa ba a lokacin. Inna kuwa, da ta fita takaba ta dawo da barkwancinta, duk sanda na tsuguna gaishe ta sai ta ce in shigo mana, ai ni ɗan ɗaki ne, na san har bayan gado. Na kan yi dariya, don wannan kunyar mai sauƙi ce.

Na iya canja kwandansa yanzu, har daga Garo da Masanawa ana kawo mini tsofaffin rediyo, kuma ban taɓa kai hannu ban fara ɗora ƙwan Baba Bitrus ba. Na daina yi wa ɗalibai kirarin su nemi wayar. Ni na nema, na gani, har uku. Abin da nake gaya musu yanzu shi ne, in wuta ta ja ka, ka yi ihunka, ka ruga bayan gadon duk wanda ka ga dama, ba laifi. Amma da hankalinka ya dawo, ka ajiye moɗar ruwan ka miƙe ka ce wuta ce, tun baburan ba su kai bakin kasuwa ba.